Wikalar Alguri a Alƙahira: tambayoyi da amsoshi kan masaukin fatake mai shekara 500

Wanda ya yi karatu a Azhar, ko ya taɓa zuwa sarin kaya Alƙahira, da wuya a ce bai bi ta gaban wannan gini ba. Yana nan taku kaɗan daga Masallacin Azhar, a titin da ake kira Tablita, inda masu kayan miya ke baza tumatir da albasa tun da sassafe. Ni kaina na fi wata shida ina wuce shi a kan hanyata ta zuwa wajen masu sayar da littattafai kafin ranar da na sa ƙafa ciki. Tun daga ranar, duk baƙon da ya sauka wurina sai na kai shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda baƙin nan suka fi yi mini.

Mece ce wikala tukuna?

Masaukin fatake ce ta cikin birni. Falke ya iso da kayansa, ya sauke, a ba shi ɗakin ajiya mai makulli, ya sami wurin kwana, masu saye kuma su zo su same shi a nan. Sito ce, kasuwar sari ce, gidan baƙi ce, duk a cikin katanga ɗaya mai ƙofa ɗaya.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin tushenta ɗaya da "wakili". A da can akwai mutumin da ake kira wakilin attajirai, wanda ke karɓar kayan baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa, ya sayar a madadinsa idan ba ya gari. Gidan da yake wannan aiki shi ne gidan wakilci, daga nan sunan ya bi ginin. A wasu ƙasashen ana ce wa irin wannan gini han, a Magrib kuma funduƙ, amma mutanen Masar wikala suka fi riƙewa. Har gobe babbar kasuwar gwanjo ta unguwar Bulaƙ sunanta Wikalatul Balah, wato wikalar dabino, ko da yake yanzu tufafi ake sayarwa a can, ba dabino ba.

Wa ya gina ta, kuma yaushe?

Sultan Ƙansu Alguri ne ya sa aka gina ta a tsakanin 1504 da 1505, wato 909 zuwa 910 bayan Hijira. Yana cikin sarakunan Mamalik, waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. Tsarinsu abin mamaki ne: yara ake sayowa bayi daga ƙasashen arewa masu nisa, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da yaƙi, a 'yanta su, sannan daga cikinsu ake samun hakimai da sarakuna. Shi ma Alguri haka ya taso, bawan Sultan Ƙaitabai ne, asalinsa daga yankin tsaunukan Kafkas. Bai hau mulki ba sai 1501, yana da kimanin shekara 60, ya yi shekara 15 a kai. Bayansa sarki ɗaya tak aka ƙara yi daular ta faɗi.

Me ya kai sarki ga gina masaukin 'yan kasuwa?

Nan ne gaɓar da ta fi muhimmanci, kuma ita ce yawancin masu ziyara ke tsallakewa.

Wikalar ba ita kaɗai aka gina ba. Idan ka fito daga cikinta ka yi yamma kaɗan, za ka faɗa kan titin Mu'izz, inda manyan gine-gine biyu suke kallon juna, titin ya ratsa tsakaninsu. Na ɓangaren yamma masallaci ne da makaranta, mai hasumiya mai kusurwa huɗu. Na gabas kuwa ya haɗa ƙubbar da sarkin ya tanada don kabarinsa, da zauren sufaye, da wurin shayar da ruwa kyauta wanda ake kira sabil, a samansa kuma makarantar allo ta marayu. An gina su tsakanin 1503 da 1505, unguwar ma har yau da sunansa ake kiranta, Guriyya.

To, duk waɗannan wurare baki ne da su, ci suke yi. Liman yana da albashi, ladani yana da shi, haka malaman makaranta da masu karatun Alƙur'ani da mai shara da mai gadi. Fitilu suna shan mai kowane dare. Ruwan sabil daga Kogin Nilu ake ɗauko shi a salka bisa raƙuma, kuma biya ake yi. Marayun makarantar allo ana ba su abinci da sutura. Ina kuɗin za su riƙa fitowa bayan sarki ya mutu? Amsar ita ce wakafi. Sai a gina abin da zai riƙa kawo haya, shaguna da gidajen wanka da wikaloli, a haɗa da gonaki, a rubuta takarda a gaban alƙalai cewa kuɗinsu na hidimar masallacin ne har abada. Hayar da falke ya biya a wikala ita ce ke zama man fitila a masallaci.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ba na ibada ba. A tsarin Mamalik ɗa ba ya gadon muƙamin ubansa kai tsaye, kuma sabon sarki yakan ƙwace dukiyar wanda ya gada. Abin da aka yi wakafinsa kuwa yana da wuyar taɓawa, domin ya fita daga hannun mai shi. Mai wakafi yana da damar rubuta cewa rarar kuɗi, bayan an gama hidima, ta tafi ga zuriyarsa, ya kuma naɗa ɗansa mai kula. Saboda haka da jifa ɗaya mutum ya nemi lada, ya kafa suna, ya kuma killace wa iyalinsa abin da za su ci.

Ba Alguri ne ya fara ba. Ubangidansa Ƙaitabai ya gina wikala a bakin ƙofar Babun Nasar a wajajen 1480, ya ware kuɗinta don ciyar da talakawan Madina.

Yaya fasalin ginin yake idan mutum ya shiga?

Daga titi abin da za ka fara gani doguwar fuska ce ta dutse, tagogi jere reras, a tsakiya kuma ƙofa wadda ta yi sama har ta kusa cinye hawa biyu. Saman ƙofar an yi masa baka mai lanƙwasa uku, an cike ƙarƙashinsa da sassaƙen dutse mai kama da saƙar zuma, wanda magina ke kira muƙarnas. Tsayin ƙofar ba ado kaɗai ba ne, an yi ta ne yadda dabba da kayanta za ta shige ba tare da an sauke mata ba. Kuma ita kaɗai ce hanyar kaya. Mai gadi ɗaya a zaune ya ishi gidan, dare ya yi a ja ƙyaure.

Ka wuce ɗan zaure mai duhu, sai tsakar gida ta buɗe maka. Abin da ya fara kama ni ranar farko shi ne shiru. A waje ana ta hayaniyar ciniki da hon na babura, amma taku goma ciki sai ka ji kamar an toshe maka kunne. Filin mai kusurwa huɗu ne, ya fi tsawo a kan faɗi, a tsakiyarsa akwai wurin ruwa, sama kuma a buɗe take.

Ginin hawa biyar ne, amma an raba shi gida biyu, kuma ido yana ganin rabon. Hawa biyu na ƙasa na kasuwa ne, da dutse aka yi su. An kewaye filin da ginshiƙai masu kauri, a kansu bakuna masu tsini waɗanda suka haɗe hawa biyun a ƙarƙashinsu. Duwatsun an jera su layi-layi, layi mai haske, layi mai ja-ja, salon da ake kira ablaƙ, wanda duk wanda ya zaga tsohuwar Alƙahira zai gane shi a jikin masallatai. Bayan ginshiƙan akwai baranda mai inuwa, a bayanta kuma ɗakunan ajiya a jere, kowanne da ƙofarsa. Na shiga ɗaya daga cikinsu da tsakar rana a watan zafi, na dafa bango, sai na ji shi da sanyi kamar gefen randa. Rufinsa ɗaurin dutse ne, babu azara, babu abin da wuta za ta kama. Wanda ya san abin da gobara take yi wa kasuwanninmu zai fahimci darajar wannan. Hawa na biyu ma ɗakunan kaya ne, ana zaga su ta wata baranda mai dogarin katako da ke leƙen tsakar gida, yadda mai haja zai iya tsayawa a sama yana ganin wanda ya shigo.

Daga nan sai ginin ya canza hali. Hawa uku na sama ba su da nauyin na ƙasa, tagoginsu sun fi yawa, kuma na can ƙoli an rufe su da akwatunan katako da suka ɗan turo waje. Wannan ɓangaren gidajen kwana ne.

Babu ƙawa mai yawa a wikalar idan aka gwada ta da masallacin Alguri, inda aka zuba duwatsun ado masu sheƙi da ruwan zinariya. A ganina wannan ne ma kyanta. Magini ya san gidan ciniki yake ginawa, sai ya tara adon a ƙofa, saura kuma ya bar tsari da daidaito su yi magana.

Su wa ke zaune a benayen sama a wancan zamani? Fataken ne?

Wasu fatake sukan kama, amma ba don su kaɗai aka yi ba. Sunan wannan ɓangaren raba'i, kuma gidajen haya ne na mutanen gari: masu sana'ar hannu, ƙananan 'yan kasuwa, ma'aikata, da iyalansu. Wata-wata ake biya. Abin da muke gani yau kamar sabon abu, a yi shaguna a ƙasa a yi gidajen haya a sama, mutanen Alƙahira sun daɗe da shi tun kafin Alguri.

Dabarar da aka yi ita ce, kowane gida ba a shimfiɗe yake ba, a tsaye yake. Maimakon a ba iyali hawa ɗaya, sai a ba su siririn yanki da ya ratsa hawa ukun, da 'yar matakalarsa a ciki. A ƙasa akwai mashiga da makewayi da wurin ajiye tulun ruwa da ɗakin zama mai dogon rufi, a sama ɗakin kwana. Madafi ba shi da wani girma a irin waɗannan gidaje, domin itace yana da tsada a Masar, talakawa da yawa dafaffen abinci suke saye a kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar shiga. Mazauna sama ba sa bi ta tsakar gidan da ake ciniki. Suna da ƙofarsu daban daga titi, da matakalarsu. Matar gida za ta fita ta dawo ba ta haɗa kafaɗa da 'yan dako ba, baƙon falke kuma ba shi da hanyar da zai ɓulla cikin iyalin mutane. Duk Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure ya san wannan tunani.

Don a ga girman abin: masanin tarihi Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin wata wikala da ta girmi wannan, ta Amir Ƙausun, ya ce a samanta akwai gidaje 360 da mutane wajen 4,000. Yau ƙofarta kaɗai ta rage.

Tagogin katakon nan fa, ado ne kawai?

Sunansu mashrabiyya. Ƙananan guntayen katako ne ake ferewa a zagaye, a sarƙa su da juna har su zama raga. Na ciki yana ganin waje sarai, na waje ba ya ganinsa. Suna karya ƙarfin rana, iska kuma tana ratsawa. An ce sunan daga "sha" ya fito a Larabci, domin a nan ake ajiye tulun ƙasa iska ta buga shi ruwan ya yi sanyi. Amfani da guntaye ma hikima ce, a ƙasar da dogon katako sai an shigo da shi daga waje.

Yaya ake gudanar da ciniki a ciki a wancan zamani?

Sari ake yi, ba kiri ba. Kaya su iso, a shigar da su, a auna, hukuma ta karɓi nata, mai kaya ya kulle ɗakinsa. Sai dillalai su shiga tsakani, su kawo masu shaguna na gari, a yi ciniki a baranda ko a tsakar gida, dillali ya karɓi la'adarsa. Tara hajar a wuri ɗaya ya yi wa kowa daɗi: baƙo ya san inda zai nufa, mai saye ya san inda zai samu, mai karɓar haraji kuma ba sai ya bi lungu-lungu ba.

Idan ka bi abin a hankali za ka ga ba wani baƙon tsari ba ne. Shi ne aikin fatoma a Kano, shi ne aikin maigida a zangunan Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan. Baƙo ya zo da shanu ko goro, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya adana kayansa, yaransa dillalai su nemo mai saye, shi kuma ya tsaya a kan bashi idan an ɗauki kaya ba a biya nan take ba. Bambancin shi ne, a wurinmu amanar tana jikin mutum, idan ya mutu ko ya karye sai gidan ya watse. A Alƙahira an mayar da ita dutse, an ɗaure ta da takardar wakafi, shi ya sa mai gidan ya shekara 500 da mutuwa gidan yana tsaye.

Wane irin kaya ake kawowa wikaloli a da?

Yawancinsu kowace da abin da aka san ta da shi, har sunan hajar ya bi ta: akwai ta sabulu, akwai ta auduga. Daga Sham ana kawo man zaitun da sabulu da 'ya'yan itatuwa busassu. Ta Bahar Maliya kuma kayan yaji na Indiya ke shigowa, barkono baƙi da citta da kirfa da kanumfari, a bi da su zuwa Iskandariyya inda Turawan Italiya ke jira da jiragensu. Daga baya, a zamanin Turkawa, gahawar Yaman ta karɓe kasuwa, ta yi wa attajiran birnin arziki na fiye da shekara ɗari. A ƙarshen ƙarni na 18 an ƙidaya wikaloli fiye da 300 a Alƙahira.

Gaskiya ne an sayar da bayi a irin waɗannan gidaje?

Gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe shi ba. A wannan yankin na kusa da Azhar akwai wadda ake kira Wikalatul Jallaba, masaukin fataken da ke zuwa daga kudu. Ayarinsu yakan taso daga Darfur ya bi hanyar hamada da ake kira Darbul Arba'in, wato tafiyar kwana 40, ya ɓulla Asyut. Suna kawo hauren giwa da gashin jimina da ƙaro da tsamiya, suna kuma kawo mutane, yawanci mata da yara, a tsayar da su a tsakar gida ana taya su. Duk sanda na tsaya a irin wannan fili ina yaba bakuna da ginshiƙai, wannan yakan faɗo mini a rai.

An ce da dukiyar zalunci Alguri ya yi gine-ginensa. Haka ne?

Mutanen zamaninsa ma sun faɗa. Ibnu Iyas, wanda ya rayu a birnin a lokacin yana rubuta abubuwan da ke faruwa, bai sassauta masa ba. Alguri ya tarar da baitulmali wayam, sojoji kuma suna neman haƙƙinsu da barazana. Sai ya ɗora wa jama'a harajin watanni da dama a biya lokaci guda, ya taɓa har dukiyar wakafin wasu, ya ƙwace kadarorin manya, ya kuma lalata darajar kuɗi. Filin masallacinsa ma daga hannun wani ya karɓe, duwatsun adon kuma an ɓamɓaro wasu daga gidajen mutane. Har wani mai ba'a ya laƙaba wa masallacin suna "Masallacin Harami", yana nufin da haram aka gina shi.

Akwai labarin da ya kamata ɗalibanmu su sani. Imamu Suyuɗi, wanda ake karanta tafsirin Jalalaini nasa a masallatanmu kowane azumi, yana raye a Alƙahira a wannan lokaci, ya killace kansa a tsibirin Rauda. Alguri ya aika masa da dinari 1,000 da bawa. Ya mayar da kuɗin, ya 'yanta bawan. Ya rasu a 1505, shekarar da aka gama wikalar.

Ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Ginin yana da kyau, maginan da suka sassaƙa shi gwanaye ne, marayu sun ci abinci daga hayarsa. Kuma an matsa wa talakawa kafin a tara kuɗinsa.

Me ya sa yake neman kuɗi ido rufe haka?

Domin ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. A 1498 Basko da Gama na Fotugal ya zagaya ta kudancin Afirka ya isa Indiya. Hanyar da ta sa kayan yaji dole su bi ta Masar, a biya sarki kuɗin fito, ta sami kishiya. Turawan Fotugal ba su tsaya ga ciniki ba, sun shiga kai wa jiragen Musulmi hari. Alguri ya haɗa rundunar ruwa ya tura har gaɓar Indiya. Sun yi nasara a Caul a 1508, amma a 1509 aka murƙushe su a Diyu. Shi ne kuma ya sa aka kewaye Jidda da ganuwa don tsoron kada Turawan su iso bakin Makka.

Ke nan an gina wikalar a daidai lokacin da kasuwar da ta yi wa Mamalik arziki ta fara girgiza. Bai kuma daina ba: a 1511 ya rushe tsohon Han Halili ya sake gina shi da manyan ƙofofin dutse waɗanda masu yawon sayayya ke bi ta ƙarƙashinsu har yau. Hasumiyar nan mai kai biyu ta Masallacin Azhar ma aikinsa ce.

Yana cikin ƙubbar da ya gina wa kansa?

Ba ya ciki. A 1516 ya fita da rundunarsa, a watan Agusta ya tari Sultan Salim na Turkawan Usmaniyya a Marju Dabiƙ, arewa da Halab. Turkawa suna da igwa da bindiga, gwamnan Halab kuma ya ci amanarsa ya janye da mutanensa ana tsakiyar yaƙi. Tsohon ya faɗi a filin daga, ba a kuma ga gawarsa ba. Ɗumanbai da ya gaje shi ya yi iya ƙoƙarinsa, aka kama shi aka rataye a ƙofar Babu Zuwaila a 1517, tafiyar 'yan mintoci daga wikalar. Ita kanta ƙubbar ba ta yi ƙarko ba, rufin katako ne shimfiɗaɗɗe a wurinta yanzu.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan wuri da ƙasar Hausa?

Akwai ta zamani da ta hanya. Shekara biyar kacal kafin a fara ginin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya rasu, a 1499, wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi. Wato birane biyun suna tsara kasuwanninsu a zamani guda. Suyuɗin da muka ambata ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Askiya Muhammadu na Songai ya bi ta Alƙahira a tafiyarsa ta Hajji a wajajen 1497. Tun kafin nan ma, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun kafa makaranta da masauki a tsohon birnin don ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Azhar ta ware wa Barnawa ruwaƙinsu, wato sashen kwana da karatu. Alhajin da ya ratso hamada da 'yar hajarsa don ya sayar ya yi guzuri, a irin wannan unguwa yake sauka, kuma a irin waɗannan gidaje ake cinikin abin da ya kawo.

Yaya aka yi ta tsira, alhali ɗaruruwa sun rushe?

A ƙarni na 19 kasuwa ta juya wa tsohon gari baya. Jiragen ruwa masu tururi suka zo, aka buɗe mashigin Suwez a 1869, mai mulkin Masar Khidiwi Isma'il ya gina sabon gari irin na Turai wajen kogi, manyan attajirai suka koma can. Ayari ya daina zuwa. Wikaloli suka zama wuraren ƙananan sana'o'i da matsugunin marasa ƙarfi, aka yi ta yanka ɗakuna ana ƙara bango, babu mai gyara. Wasu suka zube, wasu aka share su don a fitar da titi.

Abin da ya taimaki ta Alguri, ginin ƙasanta mai ƙarfi ne, kuma tana jikin rukunin gine-ginen sarki da idon hukuma ke kansu. A 1881 aka kafa kwamitin kula da tsofaffin gine-ginen Musulunci a Masar, wanda ya shiga rajistarsu da gyaransu. A wajajen 1960 ma'aikatar al'adu ta mayar da ɗakunanta wuraren aikin masu zane da masu sana'ar hannu. A 1979 UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya. Girgizar ƙasar 12 ga Oktoba 1992 ta jijjiga gine-ginen unguwar da yawa, ta kuma tilasta aka waiwaye su, a farkon shekarun 2000 aka yi wa wikalar babban gyara.

Babban abokin gabar waɗannan gine-gine yanzu ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Yana tsotsuwa ya hau bango, ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya riƙa cin dutse yana marmashe shi. Wanda ya ga yadda kanwa ke cin gindin katangar ƙasa a garuruwanmu ya san ciwon. Idan ka duba gindin bangaye a lungunan unguwar za ka ga farin tabon, wani wuri har ƙugun mutum.

Me ake yi a cikinta yanzu, kuma ana barin mutane su shiga?

Cibiyar al'adu ce a ƙarƙashin gwamnatin Masar, ana shiga da tikiti. Abin da ya fi fito da sunanta a wajen baƙi shi ne wasan tannura, inda maza sanye da manyan fatari masu launi suke juyi kamar katantanwa, ana kaɗa ganga da bandiri ana busa. Asalinsa daga juyin sufaye ne, amma wanda ake nunawa wasa ne na dandali. An shekara da shekaru ana yin sa da dare a tsakar gidan. Idan aikin gyara ya taso akan mayar da shi wani wuri, saboda haka a tambaya a unguwar kafin a shirya zuwa.

Shawarata ita ce a je da hantsi, lokacin da babu kujeru da fitilun wasa, rana kuma ta sauko rabin bango tana fito da layukan dutsen. A tsaya a tsakiya a ɗaga kai a ƙirga hawan, a nemo inda kasuwa ta ƙare gida ya fara. Daga nan a fita a yi yamma zuwa Guriyya a ga masallacin da sabil ɗin da hayar take ciyarwa, inda har yau masu yadi da labule suka cika tsakanin gine-ginen biyu. Mai sauran ƙarfi a ƙafa ya miƙe arewa ta titin Mu'izz zuwa Jamaliyya, ya nemi Wikalar Bazar'a ta zamanin Turkawa, ya ƙarasa Babun Nasar inda ta Ƙaitabai take.